Ranar Wanka: Nazarin Jinsunan Masu Neman Shaidar Lafiyar Kamfani

Takardar shaidar cewa kamfani yana kan ƙa'ida, wato wasiƙar da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wadda aka fi sani da CAC, take bayarwa domin tabbatar da cewa kamfani yana raye a littafinta kuma ba ta binsa wani rahoto ko tara, ba ta cikin takardun da ɗan kasuwa yake nema don marmari. Ana nemanta ne idan wani ya kafe sai ya gan ta da idonsa, ko banki kafin ya ba da rance, ko ma'aikata kafin ta buɗe takardun neman kwangila, ko abokin hulɗa na ƙetare wanda ba shi da halin zuwa Kantin Kwari ko Dawanau ya tambayi maƙwabtan shago ko mutumin yana cika alkawari. Tare da ita akan nemi rahoton matsayin kamfani, wanda yake nuna daraktoci da masu hannun jari da adireshi yadda suke a rajista ranar da aka fitar da shi. Mai neman kwangilar gwamnatin tarayya kuwa sai ya ƙara da takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku da suka gabata, da ta hukumar fansho, da ta asusun horar da ma'aikata na ITF, da ta asusun diyyar ma'aikata na NSITF, da shaidar rajista a hukumar BPP da dokar 2007 ta kafa don sa ido kan bayar da kwangila, kuma yawancin waɗannan takardu ranar 31 ga Disamba suke mutuwa, ko da a Nuwamba aka same su.

Ginshiƙin al'amarin shi ne rahoton shekara, wanda masu harkar suke kira anuwal ritan, wato bayanin da doka ta wajabta wa kowane kamfani ya miƙa sau ɗaya a shekara domin a san yana nan, a san masu tafiyar da shi, a kuma san mazauninsa. Kamfanin da ke yin babban taron masu hannun jari yana da kwana 42 bayan taron, shi kuwa mai sunan kasuwanci kawai, wanda lambarsa take farawa da BN maimakon RC, wa'adinsa 30 ga Yuni. Wanda ya yi sake, tara takan riƙa taruwa a kansa shekara bayan shekara, kuma shafin binciken hukumar, wanda kowa yake iya buɗewa a wayarsa kyauta, yakan nuna sunansa da kalmar inaktif, alamar cewa kamfanin ya daina ba da labarin kansa. Aikin ba shi da wuya idan an yi shi a kan kari, sai dai takardar da ke biyo bayansa ba ta auna dukiya ko mutunci ko yawan yaran shago, abin da take aunawa kawai shi ne ko mutum ya tuna da wani ɗan ƙaramin wajibi a lokacin da babu mai matsa masa, kuma a nan ne halayen mutane suke rarrabuwa.

Tun da aka mayar da yawancin aikin kan intanet aka yi zaton cunkoso zai ƙare, amma sai ya yi ƙaura zuwa ɗakunan jira na lauyoyi da akantoci da shagunan kwamfuta da ke kewaye da kotuna da sakatariyoyi, inda benci ɗaya da fanka ɗaya suke haɗa mutanen da babu abin da zai haɗa su a wani wuri. A kan irin wannan benci aka tattara bayanan da ke tafe, kuma an zauna a kansa fiye da yadda lafiyar baya take so.

Jinsin da ya fi kowanne cancantar dogon bayani shi ne dattijon ɗan kwangila mai satifiket a bango. Wannan bawan Allah ya yi wa kamfaninsa rajista ne ba da daɗewa ba bayan dokar kamfanoni ta 1990 ta kafa hukumar, a zamanin da ake cike fom da keken rubutu a kai shi ofis da hannu, kuma tun ranar da satifiket ɗin ya iso aka lulluɓe shi da leda mai ƙarfi, aka sa shi a gilashi, aka rataye shi tsakanin hoton mai gidan yana gaisawa da wani tsohon gwamna da kalandar wani banki da tuni ya rushe. Daga wannan rana ya ɗauki kamfanin kamar ɗan da aka yanka wa rago ranar suna aka sha shagali, sa'an nan ba a sake tambayar ci da shansa ba har ya yi gemu. Manufofin da aka rubuta wa kamfanin sun haɗa da gine-gine da sufuri da shigo da kaya da fitar da su da samar da takin zamani da kujerun makaranta da duk wani abin da ake iya saye a sayar a doron ƙasa, adireshinsa kuwa wani shago ne da aka rushe lokacin faɗaɗa titi, masu hannun jarinsa kuma shi ne da uwargida da wani ƙane da suka yi shekaru ba sa ga maciji da juna.

Lokacin zuwansa ba ya canzawa, domin a ranar Alhamis da la'asar yake isowa, alhali ranar Litinin da ƙarfe goma sha biyu za a rufe karɓar takardun kwangilar. Yakan shigo da babbar riga da ƙamshin turare, wani yaro na biye da shi riƙe da jaka, kuma ba ya zama a benci sai an ɗauko masa kujera. Idan matashin lauya ya buɗe shafin ya juyo masa da kwamfuta ya ga kalmar da ke gaban sunan kamfaninsa, abin da yake fara yi shi ne musu, yana mai cewa wani kamfanin ne mai irin sunan. Idan aka nuna masa lambar rajista sai ya koma tarihi. "Barista," in ji shi, "lokacin da na yi rajistar nan ba a haife ka ba, kuma da wannan takardar na gina ajujuwa a ƙananan hukumomi uku, ba wanda ya taɓa ce min inaktif." Lauyan, wanda ya saba, yakan amsa da cewa, "Ranka ya daɗe, ba a ce kamfanin ƙarya ba ne, cewa aka yi ba a shigar da rahoto ba." A wajen Alhaji wannan bambanci ba shi da wani amfani, domin shi a ganinsa mutumin da duk kasuwa ta san inda yake zama ba shi da bukatar ya rubuta wa Abuja kowace shekara cewa yana nan.

Daga tarihi sai ciniki, kuma a nan ne gwanintarsa take bayyana. Idan aka lissafa masa kuɗin shekarun da suka wuce da tarar da ke kansu, yakan yi shiru na ɗan lokaci, ya gyara hula, sa'an nan ya taya da rabi. Idan aka ce masa kuɗin ta Remita ake biya, wato hanyar biyan kuɗin gwamnati wadda take fitar da lamba mai ɗauke da adadin da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa, sai ya nemi a haɗa shi da mai Remitar a waya su daidaita. Idan wannan ya faskara, yakan kawo shawarar a biya na shekaru uku na ƙarshe kawai a bar sauran sai kwangila ta fito, kuma yakan rantse cewa daga kuɗin somin-taɓi zai cire. Ya shafe rayuwarsa a duniyar da babu farashin da ba a taɓawa, don haka adadin da ya ƙi motsi yakan ba shi mamaki na gaskiya, har yakan dubi lauyan da tausayi, yana ganin yaron bai iya sana'arsa ba.

Babin lissafin kuɗi ya fi kowanne daɗin kallo. Akanta yakan tambayi littattafan kamfani, sai a kawo masa wani littafin makaranta mai shafi sittin da yaron shago yake rubuta bashi a ciki, sauran lissafin kuwa yana cikin kan mai gida, inda ba a taɓa raba aljihun kamfani da na babbar riga ba. Kamfanin ne ya aurar da 'ya'ya mata, shi ne ya biya kujerar Umara, shi ne kuma yake sayen buhunan Azumi. Idan aka zo tambayar jimillar cinikin shekara sai a tarar Alhaji yana da amsa biyu, kowacce da yanayin fuskarta. Ga masu haraji, kasuwa ta mutu, shekarun nan ba a ga komai ba sai asara da haƙuri. Ga masu ba da kwangila kuwa, waɗanda sukan gindaya mafi ƙarancin cinikin da kamfani zai nuna kafin a saurare shi, harka tana tafiya da ɗaruruwan miliyoyi. Matsalar ita ce adadin da masu kwangila suke dubawa shi ne wanda ke rubuce a jikin takardar shaidar biyan haraji, don haka abin da dattijon yake nema shi ne takarda guda da za ta shaida talaucinsa da arzikinsa a layi ɗaya. Idan aka fahimtar da shi cewa hakan ba ya yiwuwa, yakan ce turawa ne suka ɓata lissafi.

Duk da haka ba a iya jin haushinsa har zuci, domin mutum ne da ake ba kayan miliyoyi a kasuwa da kalmar baki kawai kuma bai taɓa cin na kowa ba. A ƙarshe yakan biya, yakan rasa kwangilar Litinin ɗin saboda ba a fafe gora ranar tafiya, yakan aika wa lauya da yadin shadda, ya kuma yi alkawarin cewa daga bana ba za a sake tsallake shekara ba. Bayan shekaru uku ko huɗu sai a gan shi wata Alhamis da la'asar. Wasu daga cikin sa'o'insa ba su tsira da sauƙi haka ba, domin doka ta ba hukumar ikon goge sunan kamfanin da ya yi shekaru 10 a jere bai shigar da rahoto ba, kuma a 2023 ta sanar da shirin goge kimanin kamfanoni 100,000, lamarin da ya sa dattawa da yawa suka fara sanin hanyar Babbar Kotun Tarayya, inda ake neman a maido da sunan da aka goge.

Kusa da shi a benci akan sami mai kwafi, wanda ya ɗauki hoton kowace takarda sau goma, har da rasit ɗin shagon da ya ɗauki hoton, alhali abin da ake nema a wajensa shi ne lambar da aka tura masa a waya, wayar kuma ya baro ta a caji a gida. Akwai kuma mai tambayar ko an gama, wanda yake leƙowa kowane minti biyar, kuma ba a taɓa jin ya yi wata tambayar ba.

Mai sunaye da yawa ya fi waɗannan ban tausayi, domin laifin ba nasa ba ne shi kaɗai. A satifiket ɗin kamfani shi Mohammed ne, a katin ɗan ƙasa Muhammad, a banki Muhammadu, a unguwa kuma Mamman, sunan ƙarshe kuwa wani wuri na mahaifi ne, wani wuri na kaka, wani wurin kuma sunan garinsu da wani malamin firamare ya liƙa masa. Ranar haihuwarsa 1 ga Janairu ce a takardu biyu masu shekaru daban-daban. Tun da aka fara gwada bayanan daraktoci da lambar NIN, kwamfuta ta ƙi yarda cewa waɗannan mutane huɗu mutum ɗaya ne, shi kuwa yakan miƙe tsaye ya nuna ƙirjinsa ya ce, "Yallaɓai, ai ga ni, ni ne duka." Daga nan sai hanyar kotu don takardar rantsuwa, sai shafin canjin suna a jarida, kuma ba sabon abu ba ne magatakarda ya ƙara masa salon rubutu na biyar a cikin takardar da aka yi don a gyara huɗun.

Babu bencin da ba shi da masaninsa. Wannan mutum ya san cewa a watan Agusta na 2020 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar kamfanoni, ya san cewa tun daga lokacin mutum ɗaya yana iya kafa kamfani shi kaɗai, cewa hatimin ƙarfe ya daina zama dole, cewa an ɗauke wa ƙananan kamfanoni wajibcin babban taron shekara, kuma mafi ƙarancin jarin da kamfani mai zaman kansa zai fitar naira 100,000 ne. Duk wannan gaskiya ne, kuma da a nan ya tsaya da ya zama alheri ga jama'a. Sai dai daga ɗauke wajibcin taro yakan yanke hukuncin cewa an ɗauke rahoton shekara ma, ya kuma yi wannan fatawa da murya mai ƙarfi ga wata baiwar Allah da ta zo da kuɗinta a hannu za ta biya. Idan aka ambaci rajistar masu iko da kamfani, wato bayyana duk wanda yake riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye, yakan rage murya ya ce dabara ce ta gano masu kuɗi. Ba a taɓa ganin layi ya zo kansa ba, domin duk lokacin da aka kira shi yana tsakiyar bayani. Akwai wani reshe na wannan jinsi da ba ya magana, sai dai ya zauna a ƙarshen benci da ɗan littafi yana rarraba bayin Allah gida-gida, kuma daga wannan reshe ne masu rubuta nazari irin wannan suke fitowa, ladabi kuwa ya hana a buɗe shafin bincike a duba matsayin tasu rajistar.

Mai mutum a Abuja ba ya bukatar dogon sharhi. Yakan sa wayarsa a amsa-kuwwa domin kowa ya ji, ya kira wani da yake ce wa yaronsa a hedikwata, ya yi gaisuwa mai tsawo, sa'an nan a ji muryar can tana cewa ai ta bar Abuja tun bara tana kiwon kaji. Wannan ba ya rage masa ƙwarin gwiwa, domin yana da wata lambar.

Magada kan zo ne a ayari. Mahaifinsu ya rasu ya bar kamfani mai gajeriyar lambar rajista, abin da ke nuna tsufa kuma yake da daraja a idon masu ba da kwangila, sai aka wayi gari ana bukatar wasiƙar hukuma. A nan ne lauya yake gano cewa marigayin, wanda aka yi sadakar arba'in ɗinsa shekaru shida da suka wuce, bai fasa sa hannu a takardun kamfani ba, har ma sa hannun nasa ya ƙara kyau. Gyaran yana bukatar takardar shaidar rasuwa da takardar kotu ta rabon gado da mayar da hannun jari ga magada da naɗa sababbin daraktoci, kuma a wannan gaɓa ta ƙarshe ake tsayawa, domin kowane ɗaki yana son ɗansa a ciki. Babban wa yakan ce, "Ni Baba ya bar wa amana," ƙanwar da ta yi karatun boko kuma ta amsa da cewa, "Yaya, amanar ba ta cikin rahoton matsayi." Taron da ya kamata a yi a zauren gida sai a yi shi a ɗakin jiran lauya, kuma masanin benci yakan ba da gudummawarsa ba tare da an nema ba.

Mai aron kamfani shi ba ya da rajista ko ɗaya, amma yana da takardun kamfanoni uku na abokai da yake haya a kan wani kaso, kuma yakan shigar da dukkansu neman aiki guda domin su yi takara da juna, ya manta cewa lambar waya ɗaya ya rubuta a kan ukun.

Sau ɗaya a wani lokaci kuma akan ga wadda ta ɓata wa kowa rai ba tare da ta yi laifi ba, wato Hajiya mai fayil. Takan zo a watan Fabrairu lokacin da babu wata kwangila a gabanta, rasit ɗin kowace shekara yana jere a cikin leda, kalmar sirrin shafinta tana kanta, kuma kafin shayin da aka kawo mata ya huce ta gama ta tafi. Bayan fitarta benci yakan yi tsit, sa'an nan wani ya ce lallai tana da wani a sama.

Dukkan waɗanda aka ambata ana iya yi musu dariya a kuma sha shayi tare da su. Akwai jinsi ɗaya da ba ya cikin wannan sahu, shi ne ɗan cuwa-cuwar da yake kiran kansa ejan. Wajibi ne a bambanta shi da wakilan da hukuma ta amince da su, wato lauyoyi da akantoci da sakatarorin kamfani masu lasisi, da kuma matasa masu shagon kwamfuta da suke taya mutane cike fom a kan ɗan abin da aka yi yarjejeniya, waɗanda yawancinsu suna cin halalinsu. Shi wannan sana'arsa ita ce riƙe mabuɗi. Ranar da zai yi wa mutum rajista yakan sa adireshin imel nasa da lambar wayarsa a gurbin na mai kamfani, ta yadda duk wani saƙo da duk wata lambar shiga a hannunsa za su riƙa faɗawa, mai kamfanin kuwa a ba shi satifiket mai kyan launi ya tafi yana godiya. Daga nan kowace shekara sai ya kira da ladabi ya tunatar cewa lokacin anuwal ritan ya yi, a tura masa kuɗi, ya dawo da rasit da aka ƙera a kwamfutarsa, kuma ko sisi ba ya isa inda aka nufa.

Waɗanda yake zaɓa su ne suke sa abin ya wuce wasa. Ba ya zuwa wajen Alhaji mai satifiket, domin Alhaji yana da lauya kuma yana da murya. Yakan nemi bazawarar da take ɗinki ta tara kuɗi don ta riƙa samun aikin kayan makaranta, da saurayin da ya buɗe rumfar POS aka ce masa sai da rajista, da ƙungiyar matan unguwa da suke fatan tallafi, wato mutanen da suka yi abin da dattijon ya ƙi yi, suka tuna da wajibin a kan lokaci suka kuma biya daga guminsu. Ranar da banki ko mai ba da tallafi ya buɗe shafin ya ga inaktif, su ne ake yi wa kallon maƙaryata. Idan suka kira shi yakan ce matsalar netiwok ce, gobe ya ce sistem ɗin Abuja ne ya faɗi, jibi kuma wayar a kashe. Mafi muni shi ne wanda yake haɗa wa mutum takardar shaidar biyan haraji ta jabu, domin sunan da ke jikinta na mai kamfani ne, shi ne ya miƙa ta, shi za a hana kwangila, kuma shi za a fara tuhuma, alhali bai san bambancin ta gaske da ta ƙarya ba. Ɓarnar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya, domin duk wadda aka yi wa haka takan koma unguwa ta shaida wa maƙwabta cewa rajista damfara ce, kuma ba mai iya ce mata ta yi ƙarya.

Abin takaicin shi ne tona asirinsa ba ya bukatar komai sai minti biyu da waya mai data, tunda binciken sunan kamfani kyauta ne kuma lambar Remita ana iya duba ko an biya ta, amma ya san waɗanda yake cuta ba su san haka ba, kuma yana kula ƙwarai kada su sani. Idan kuma asirin ya tonu yana da garkuwa ta biyu, domin ɗan unguwa ne, an san iyayensa, dattawa za su taru su ce a yi haƙuri a rufa asiri, ya yi alkawarin biya kaɗan-kaɗan, ya kawo kashi na farko, shi ke nan. Mai ɗinkin kuwa sai ta sake biyan kuɗin shekarun da ta riga ta biya, da tarar da ba ita ta jawo ba, da kuɗin lauyan da zai nemi a sauya imel da lambar waya a rajista domin kamfaninta ya dawo hannunta. A cikin makon da take wannan fafutuka, ba abin mamaki ba ne shi ɗin ya aiko mata da saƙo cewa ya san wanda zai gyara komai cikin kwana biyu, in dai za ta ba da ɗan abin man mashin.